Ba Biyun da Edita Ya Cire

Duk shekara idan azumi ya zo ƙarshe, saƙonni kan cika min waya, wane ya yafe wa kowa, wance tana neman a yafe mata. Nakan amsa da amin, in ce ni ma na yafe. Amma a zuciyata akwai mutum ɗaya da nake warewa gefe. Editan jaridar ɗalibai ne na kwalejin da na yi, kuma da Edita zan ci gaba da kiransa, don bai isa in ɓata takarda da sunansa ba.

Kwalejin ƙarama ce ta horar da malamai, a wajejen Gwarzo, ni kuma daga Garo na je. Jaridar tamu kada wani ya ɗauka irin ta bakin titi ce. Allo ne na katako mai murfin gilashi da kwaɗo, an kafe shi a bangon babban ɗakin lacca, kusa da famfo. Ran Litinin da safe Edita zai zo da makulli, ya buɗe, a liƙa shafi huɗu, uku na Turanci ɗaya na Hausa. Na Turancin samari ke tsayawa gabansu suna gyara hula don a ga suna karatu. Na Hausar shi ake karantawa da gaske. Masu gadi suna karantawa, mai awara tana sa a karanta mata, kuma kafin azahar wani ya ɗauki hotonsa da waya ya watsa a guruf-guruf, ya isa ƙauyukan da ko sunan kwalejin ba a iya faɗa daidai ba.

Ni ce mai shafin Hausa, kuma ba don na fi kowa alƙalami ba. Sauran 'yan ƙungiyar gani suke rubuta Hausa zubar da aji ne, sai suka turo min, ni kuwa na karɓa hannu biyu. In rubuta labarina, in kai shagon kwamfuta na bakin ƙofa a buga, in miƙa wa Edita. Shi ke sa kanun labari, manyan baƙaƙen nan na sama, kuma ba ya shawara da kowa a kansu. Dogo ne, kullum da biro uku a aljihun gaba da fayil a hammata, ko masallaci za shi. Ajinmu ɗaya, shekara ta biyu, amma ƙanwata yake ce min, mu kuma dole mu ce masa Kwamared. Kowa ya san kujerar shugaban ɗalibai yake hari.

Wadda aka zalunta kuwa Anti ce. Haka duk muke ce mata, don ta girme mu nesa ba kusa ba. Matar aure ce daga Durun, 'ya'yanta huɗu, tana shekarar ƙarshe. Kullum da safe mijinta zai goyo ta a babur zuwa Kabo, ta hau mota da jaririya a baya, kuma ta riga mu da muke kwana a makaranta shiga aji. Shekara goma ta yi tsakanin gama sakandare da shiga kwaleji, tana lallaɓa Malam, haka take kiran mijin, har ya yarda. Burinta ɗaya ne kuma ba ta ɓoye shi: ta karɓi takardar koyarwa, ta koyar a firamaren garinsu. Zango biyu ya rage mata.

Haihuwarta ta huɗu ta kusa tafiya da ita. A jere yaran suka zo, kwanika kan kwanika, wannan bai bar nono ba cikin wancan ya shiga, sai a ta huɗun jini ya ɓalle, da kyar aka ceto ta a asibiti. Likita ya ce idan tana son ta ga girman 'ya'yanta, ta huta shekara uku ko fiye. Daga nan ta tara wasu ɗalibai matan aure su biyar, suka fara bin duk sunan da ya faɗo ran Asabar ko Lahadi, a Durun da Kara da garinmu. Ba su da sunan ƙungiya, ba su da riguna masu rubutu, ba wanda ya aiko su. Sai an ci tuwo an natsu, Anti ta gyara goyo ta ɗauko hira. Takan ce mace ta je awo, kuma mijin da zai tafi cirani ya bar izinin kai ta asibiti a hannun mahaifiyarsa, don kada naƙuda ta zo a tsaya neman layinsa ba ya shiga. Sannan ta ce a ba da tazara tsakanin haihuwa da haihuwa.

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san tazara daban, ƙayyadewa daban. Tazara kakanninmu ma sun yi. Kakata takan ce a zamaninsu macen da ta yi ciki da goyo a baya har habaici ake yi mata a bakin rijiya. Ba malamin da zai tashi ya zagi tazara. Amma ka ce ƙayyade iyali, to ka ce ka sa wa Allah iyaka a abin da zai ba ka, kuma an aiko ka daga wani wuri. Anti ta fi kowa sanin wannan, shi ya sa ko gidan wa ta shiga, da raba kalmomin nan biyu take farawa.

Ni na matsa mata sai mun yi hira. Wannan laifina ne, kuma ban taɓa ɗora wa kowa shi ba. Na ga aikinsu a sunan wata 'yar ƙanwar Innata, ya burge ni, na ce dole duniya ta ji. Sati biyu ina bin ta. Ta ce, “Ke yarinyar nan, Malam ya bar ni nake wannan yawon ne don ba a jin sunana a majalisar maza. Ki bar ni in gama karatuna lafiya.” Na rantse mata ba abin da zan ƙara, ba abin da zan rage. Ƙarshe muka zauna ƙarƙashin darbejiyar bayan laburare, tana ba jaririya nono, na kunna wayata ina ɗaukar muryarta. Da muka zo kan maganar, ta ɗaga yatsa ta ce, “Wannan ki rubuta shi da kyau. Mu ba ƙayyade iyali muke kira a yi ba.” Ta maimaita sau biyu. Ni kuwa don murna har na ja wa layin layi a ƙasa, na rubuta wa Edita a gefen takarda cewa ga wanda ya dace da kanu.

Ran Litinin na makara, na tsaya wanki. Tun daga nesa na hango taro gaban allo irin wanda ban taɓa gani ba, har ina ce wa raina yau na yi suna. Na kutsa. Ga hoton Anti da goyonta, wanda ni na ɗauka, a samansa kuma da manyan baƙaƙe: MU ƘAYYADE IYALI MUKE KIRA A YI. Na karanta sau uku ina neman ba ta farko da ba ta ƙarshe, kamar za su fito daga bayan takardar. Ba su nan. Cikin labarin ba a taɓa ko wasali ba, amma wa ke karanta ciki? Waɗanda ke ɗaukar hoto da waya kanun da fuskar Anti kawai ke fita, ƙananan baƙaƙen hasken gilashi ya cinye su.

Na iske Edita a wurin mai shayi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ban yi sallama ba. Na ce, “Ina ba ɗin da ke cikin maganarta?”

Ya kurɓi shayi ya ce, “Layin ya yi tsawo, ƙanwata, bai shiga faɗin takarda ba.”

Na ce, “Shi ne ka juya mata magana? Ka san abin da ka rubuta kuwa?”

Ya yi murmushi ya nuna allon da cokali. “Dubi can. Kin taɓa ganin cunkoso irin na yau? Aikin jarida ba wa'azi ba ne. Wanda ke son bayani ya karanta ciki.”

Na roƙe shi, ni da ban iya roƙo ba. Na ce ya ba ni makulli in cire, ko ya bari sati mai zuwa mu buga gyara. Ya ce jarida ba ta lashe amanta, kuma idan ya fara gyara wa kowa kanu, gobe ba mai tsoronmu. Na rubuta gyaran da hannuna na manna a bayan gilashi, kafin in fito daga lacca an yage. Na je wajen malamin da ke kula da ƙungiyar, ya ce mu sasanta tsakaninmu, shi taro zai shiga. Na tura muryar Anti a duk guruf ɗin da nake ciki. Minti goma sha ɗaya ce, ba wanda ya saurara har ƙarshe, sai dai a rubuto min a ƙasa, Allah ya shirye ku.

Anti ta zo ran Talata, ta tsaya gaban allon, ta karanta, ta gyara goyonta ta wuce aji. Da ta mare ni da ya fi min sauƙi. Ta zo ran Laraba. Daga ran Alhamis ba ta sake zuwa ba.

Ran Asabar na hau mota zuwa Kabo, na hau ɗan acaɓa zuwa Durun. Na tarar da mijinta a ƙofar gida yana yanka wa tumaki kara. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi Baba, ya tambayi karatu, ya tambayi hanya, duk da ya san abin da ya kawo ni. Na ce, “Malam, ga muryarta nan, ka saurara da kunnenka.” Ya ajiye adda ya saurara tun daga farko har ƙarshe, shi kaɗai ne ya yi min wannan. Sannan ya miƙo min wayar ya ce, “'Yar nan, ai ni na sani. A gabana take fita, a gabana take dawowa, abin da take faɗa wa mata a ɗakina ta fara faɗarsa. Amma jiya a masallaci na miƙa wa mutum hannu ya yi kamar bai gani ba. Yayyena biyu sun zo har nan. Ta ɗan zauna tukuna, har magana ta lafa.” Ban iya jin haushinsa ba. Mutum ne da ya shekara biyu yana kai matarsa tasha kullum, mutane na yi masa dariya.

Magana ba ta lafa ba. Sauran matan biyar kowacce ta kama kanta. Ɗayarsu ta gaya min sun je suna a Kara, uwar mai jego ta tare su a zaure ta ce masu hana haihuwa ba sa shiga inda aka haihu. Anti ta rasa koyarwar gwaji gaba ɗaya, ta rasa jarrabawar zangon. Edita kuwa ya samu abin da yake so. Aka fara nuna shi a makaranta ana cewa shi ne ya tona asirin masu ɓata tarbiyya, har yana ɗaga wa mutane hannu.

Ƙawayena suka ce in bar ƙungiyar. Ban bari ba. Ni mai saurin fushi ce, a gidanmu kowa ya sani, amma wannan karon fushin bai fito ta baki ba, ciki ya koma ya zauna. Na je na ba Edita haƙuri. Na ce, “Kwamared, ƙuruciya ce ta ɗebe ni, yanzu na gane aikin.” Ya ji daɗi har ya saya min shayi, na shanye ina kallon maƙogwaronsa. Daga ranar na zama 'yar gaban goshi. Ni ke riƙe masa fayil idan zai yi alwala, ni ke goge gilashin allo, ni ke fara tafi idan ya yi jawabi, ko da jawabin bai da kai bai da gindi. Idan ya rubuta Turancinsa mai karyayyen ƙafa, in ce kai, Kwamared, wannan sai manyan jaridu. Na je gida hutu Inna ta dube ni ta ce, “Ke kuma wa kika ƙullata? Tun da kika zo kike daka kamar turmin ya yi miki laifi.” Na ce ba kowa.

Wata shida na yi a haka. A lokacin ban san takamaimai abin da zan yi ba, na dai san ina son makullin nan, kuma ina son a kai ni gaban manyan makaranta inda dole a saurare ni. Na taɓa kai ƙara a rubuce, takardar ta kwana a tire har ta yi datti. Na lura a kwalejinmu ƙarar mace a kan kanu ba ta tayar da kowa daga kujera, amma ta ɗan takara za ta tayar.

Da ruwan farko ya sauka aka buga gangar zaɓen ɗalibai. Dokar ƙungiya ta ce wanda zai tsaya takara ya ajiye aikin jarida har a gama. Edita ya tara mu ya ce ya duba cikinmu kaf bai ga mai biyayya irina ba, ya zaro makullin ya ɗora min a tafin hannu. Na dunƙule hannuna a kansa. Ya kuma ce shafin Hausa na satin zaɓe nasa ne, in yi hira da shi, don a nan ƙuri'u suke.

A ƙarƙashin darbejiyar nan muka zauna, ni na zaɓi wurin. Ya zo da babbar riga ta aro da ta yi masa yawa a kafaɗa. Na kunna waya, ya yi ta zuba, zai gyara famfo, zai kawo motar ɗalibai, zai sa a rage cunkoso a ɗakunan kwana. Ina ta gyaɗa kai ina jira. Da na ga zai gama bai ba ni abin da nake so ba, na ce, “Kwamared, 'yan adawa fa suna cewa idan ka hau mantawa za ka yi da mu.” Ya zabura ya dafa ƙirji ya ce, “Ni? Ki rubuta da manyan baƙaƙe. Ba zan ci amanar ɗalibai ba!” Na ce ya ƙara faɗa, iska ta hana ni ji. Ya ƙara. Na ɗauki hotonsa a haka, hannu a ƙirji.

Ran Litinin, saura kwana biyu zaɓe, tun kafin masu shara su gama na buɗe allo na liƙa. ZAN CI AMANAR ƊALIBAI, IN JI KWAMARED. Cikin labarin ban taɓa ko wasali ba. Na rufe kwaɗo, na ɗaure makullin a bakin zanena, na koma gefen famfo na zauna don in ga komai da idona.

Wanda ya fara karantawa wani ɗan ajinmu ne. Ya tsaya, ya matsa kusa, sai ya fashe da dariya har ya dafa bango. Kafin a shiga laccar farko wurin ya cika. Ba wanda ya yarda Edita ya faɗi haka, kowa ya san shiri ne, amma hannun nan a ƙirji da babbar rigar nan sun isa. Wani ya ɗaga murya ya ce, “Kwamared!” sauran suka amsa, “Zan ci!” Mai awara ta ce a karanta mata, aka karanta, ta ce, “To ai gara shi, ya faɗi gaskiya tun da wuri.” Na zauna ina kallo, kuma ba zan ɓoye ba, daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba. Har yunwa ta kama ni, na sayi awara na ci a wurin.

Ya iso a guje, fayil a hannu, ya karanta, ya jijjiga kwaɗon, ya juyo yana nemana. Da ya gan ni ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce, “Ƙanwata, me na yi miki?”

Wannan tambayar ta fi komai ƙona min rai. Da gaske yake yi. Wata shida mace na zaune a gida saboda shi, shi ko tunawa bai yi ba. Na miƙe na karkaɗe zanena na ce, “Layin ya yi tsawo, Kwamared. Bai shiga faɗin takarda ba.” Sai a lokacin na ga fuskarsa ta canza. Ya ce in ba shi makulli, na ce ɗan takara ba ya taɓa makullin jarida, doka ce. Ya ɗauko dutse zai fasa gilashin, mai gadi ya riƙe hannunsa, ɗalibai na ta ihu. Ran Laraba aka yi zaɓe ya sha ƙasa, ko a ajinmu bai ci ba.

Ya kai ni ƙara gaban kwamitin ladabtarwa, kuma tasa ƙarar ba ta kwana a tire ba. Malamai uku ne, shugabarsu wata Hajiya da ke koyar da mu Hausa, mace mai tabarau da ba a taɓa ganin haƙoranta ba. Edita ya yi dogon bayani, na ɓata masa suna, na karya ƙa'idar aikin jarida, a kore ni. Hajiya ta ce, “Ke, kin yi?” Na ce, “Na yi, Hajiya. Ba biyu na cire, kuma a wajensa na koya.” Na ajiye hoton kanunsa da hoton kanun Anti a kan tebur, na ce ina roƙon a saurari murya biyu. Suka saurara. Da muryar Anti ta zo wurin da take cewa a rubuta da kyau, ana jin kukan jaririyarta a ciki, Hajiya ta cire tabarau ta dubi Edita ta ce, “Wa ya cire mata nata ba ɗin?” Ya ce matsalar fili ce. Ta ce, “Ina matar take yanzu?” Bai sani ba. Ni na amsa.

Gargaɗi aka yi mana mu biyu, aka rufe jaridar har ƙarshen shekara. Ban damu ba. Na ce ina da roƙo ɗaya, a ba ni takarda daga makaranta, da hatimi, mai cewa ɗalibar ba ta faɗi abin da aka buga ba, kuma ƙofa a buɗe take ta dawo. Hajiya da kanta ta rubuta, da Hausa, ta ce wannan ba maganar Turanci ba ce. Na sa takardar cikin leda don ruwa, washegari na kama hanyar Durun ina jin kamar ni na ci zaɓen.

Malam yana shirin tafiya gona na iske shi. Muka gaisa, ya tambayi ruwa a wajenmu, na ce mun gode Allah, na miƙa masa. Ya karanta a tsaye, ya shafa hatimin da yatsa, ya ce, “Alhamdu lillahi. Gaskiya ta fito. Ni ko gobe ta ce za ta koma, babur na nan.” Amma bai dube ni ba da yake faɗa. Ya ce in shiga, tana ciki.

Tana zaune a tabarma a ƙofar ɗaki, ta jingina da bango. Ta rame a wuya. Yarinyar da na sani jaririya tana rarrafe a gefenta tana kuka, an cire ta daga nono, wata goma kacal. Sai da Anti ta yunƙura za ta jawo min kujera na ga ashe ciki gare ta. Na tsaya da ledar a hannu.

Ta ce, “Zauna mana. Wata huɗu ne.” Na ce, “Anti, likita fa ya ce...” Ta ce, “Na san abin da ya ce.” Sannan ta gaya min. Ƙwayar tazarar da take sha duk wata take karɓowa a asibiti a Kabo, kuma ɗakin da ake bayarwa ƙofarsa na kallon bencin masu awo. Bayan hoton nan ya zaga, ta je har bakin asibitin sau biyu, ta hango matan garinsu a kan benci, ta juya. Malam bai hana ta ba. Ita ce ta kasa, don ta san duk wadda ta gan ta a ƙofar nan za ta koma ta ce ga shi nan, ashe gaskiya ne.

Na ba ta labarin allo da zaɓe da kwamiti, ina ƙara gishiri don ta yi dariya. Ta ɗan murmusa a wurin mai awara. Ta karɓi takardar ta karanta sau biyu a hankali. Ta ce, “An kore shi?” Na ce a'a, gargaɗi aka yi masa. Ta ce, “Zai gama bana ke nan ko baɗi?” Na ce baɗi. Ta gyaɗa kai. Na ce ita ma za ta iya dawowa ta maimaita shekarar, Hajiya ta yi alkawari. Ta dubi cikinta, ta dubi yarinyar da ke jan bakin zanenta, ta ce an hana ta ko ɗaukar bokiti, balle hawa babur kullum, kuma idan ta sauka lafiya, goyo biyu za ta shiga mota da su?

Ta ce in fita tsakar gida in karanta takardar da ƙarfi, surukarta da matan yayyen Malam su ji. Na fita na karanta, har da sunan ofishin da ke jikin hatimi. Suka tsayar da daka suka saurara. Da na gama surukar ta ce, “To, Allah ya kyauta,” suka ci gaba da dakansu.

Anti ta sauka da rai, bayan an yi mata aiki, amma ba ta sake taka kwalejin ba. Ni na gama, Edita ma ya gama, yana nan yana yawo da fayil ɗinsa a ofisoshi, kuma duk inda muka haɗu ba na amsa gaisuwarsa. Ana ce min na rama ai, in bar shi haka. Abin da na karɓe masa kujerar shekara ɗaya ce, kuma ko a ranar na san bai kai ba.

Ranar da na kai mata takardar nan, da la'asar na tashi tafiya, ta lallaɓa ta rako ni har zaure tana dafa bango. Na ɗauka wata magana za ta faɗa min a kan Edita, ko a kaina. Sai ta mayar da takardar cikin ledarta, ta ninke bakin da kyau, ta miƙo min.

Na ce, “Anti, taki ce fa. Don ke na karɓo.”

Ta ce, “Na sani, kin kyauta. Tafi da ita, a nan yara za su yaga.”